Marigayin mata nawa ya aura?

Damunar 2022 ce ta jefa ni neman gida ba shiri. Duk wanda yake ƙasar Ringim ya san abin da ruwa ya yi a shekarar. Gidanmu na gado a gangare yake, ginin jar ƙasa. Ruwa ya kwana uku a tsakar gida, ɗakin Inna ya rufta, katangar gabas ta bi shi. Allah ya tsare rai, amma tsohuwa ta koma raɓe a gidan yayata, ita da jikoki a ɗaki ɗaya. Ni ina Dawanau ina harkar riɗi da zoɓo, kullum na kira waya sai na ji muryarta ba daɗi, ko da yake ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Na ɗaukar wa kaina alkawari cewa kafin wata damunar sai na sama mata gida a tudu.

Dillalai biyu ne suka shigo maganar, kuma a tsakaninsu na yi zaɓin da har yau yake ci mini rai.

Na farko dattijo ne a garinmu, tun muna yara muke ganinsa a kan kekensa, shi ake kira in za a sayar da gona ko kango. Na same shi a ƙofar gidansa bayan la'asar, na faɗa masa buƙatata, har na ambaci wani kango da na hango a unguwar tudu: soro ɗaya, ɗakuna uku da rufinsu ya lalace, ga rijiya, ga bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ya yi shiru yana murza carbi. Can ya ce, "Ɗan nan, gidan gado ne wannan. Ka ba ni sati biyu, akwai waɗanda zan gani tukuna." Na ce, "Baba, sati biyu kuma? Ai magadan suna garin nan." Ya ce, "Waɗanda ka sani suna garin nan." Na tashi raina a ɗan ɓace. A zuciyata na ce tsoho yana da wani gidan da yake so ya liƙa mini, shi ya sa yake ja mini rai.

Na biyu matashi ne, abokin ƙanin matata, ɗan wani gari da ke maƙwabtaka da mu amma a Kano yake zama. Kullum yana ɗora hotunan filaye da gidaje a WhatsApp. Ran da na yi masa maganar, kafin magariba ya turo mini bidiyon kangon ciki da waje. Washegari ya haɗa ni a waya da babban ɗan marigayin. Komai "an gama, Alhaji", alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, kuma ban hana shi kira na haka ba. Kwana uku tsakani ya ce wai wani daga Kano ya taya gidan, in ban ba da kafin alƙalami a ranar ba zai suɓuce. Na tura naira 500,000 ina tsaye a bakin rumfa, ko gida ban je ba.

Cinikin da kansa bai ba ni wahala ba. Aka sallama a kan naira 3,200,000. Muka taru a zauren mai unguwa: maza biyu, mata biyu da mazajensu, shaidu, da takardar ciniki da dillalin ya riga ya bugo a Kano. A kanta an rubuta "mu magadan marigayi". Kowa ya dangwala yatsa, mai unguwa ya buga hatimi, aka shafa fatiha. Na cire la'ada biyar bisa ɗari, naira 160,000, na miƙa masa har da ƙarin kuɗin mai, don a ganina ya yi mini aikin da tsoho ya kasa. Tambaya ɗaya na yi a zauren nan: "Su ke nan magadan?" Dillalin ne ya amsa, ba su ba. Ya ce, "Su ke nan, Alhaji." Na tuna sarai babban ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma. Na gani da idona, na wuce.

Sai aiki. Na rushe ɗakuna biyu na tayar da su da bulo, na buga kwano, na kewaye banɗaki. Ya zo daidai da canjin kuɗi na farkon 2023, magina ba sa karɓar tiransifa, sai in kai rabin wuni a layin mai POS kafin in sami abin sallamar lebura. Aikin wata biyu ya ci wata biyar, ya kuma lashe sama da miliyan ɗaya. Duk da haka na yi murna. Na shirya bayan Babbar Sallah Inna za ta tare.

Kwana biyu da sallah ina tsaye ana shafe, wani mutum ya yi sallama. Zai yi shekara arba'in da ɗoriya, Hausarsa da ɗan karin mutanen da suka daɗe a kudu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana so ya ga ɗakin da aka haife shi. Ya nuna ɗaya daga cikin waɗanda na rushe.

Ashe marigayin ya taɓa auren wata mace kafin uwar waɗancan huɗun. Suka rabu yaron bai fi shekara uku ba, ta tafi da shi wajen danginta, daga can ya wuce Agege yana sana'a. Ɗan uba ne, ɗan sunna, gadonsa ba ya faɗuwa don ya daɗe bai zo ba. Labarin sayar da gidan ma a bakin wani direba ya ji shi.

Da yamma na shiga wajen tsohuwar da muke haɗa katanga da ita, mai daddawa. Wata shida ina wucewa ta ƙofarta, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ce, "Gwaggo, kin san mutumin nan?" Ta ce, "Ni na yanke masa cibi." Na ce, "To, me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ta dube ni ta ce, "Ka tambaye ni ne? Ka zo da baƙonka a mota, kun shiga kun fita." Ban sami abin cewa ba. Amsar da ta ci mini kusan miliyan tana zaune a bayan katangata, kyauta, ban nema ba.

Malamin da muka je wajensa ya warware mana lissafin a kan rairayi da yatsa. Maza uku, mata biyu, namiji rabon mata biyu: kaso takwas ke nan, ba shida ba kamar yadda suka raba. Nasa biyu cikin takwas, wato rubu'in gidan, kuma ba wanda yake da ikon sayar da shi sai da yardarsa. Sannan ya ambaci abin da ban taɓa ji ba, wato shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan abokan tarayya suka sayar da kasonsu a gidan da ba a raba ba, wanda bai sayar ba yana da haƙƙin ya biya mai saye kuɗin da ya bayar ya karɓe gidan. Wanda yake nan ya yi shiru har shekara ta wuce haƙƙinsa yana iya faɗuwa, amma wanda yake nesa bai sani ba yana nan a kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. A daren nan ban runtsa ba. Gida na ƙare shi, amma ban san ko nawa ba ne.

Allah ya sa mutumin ba mai son rigima ba ne, kuma ba shi da kuɗin da zai fanshi gidan duka. Dagaci ya zaunar da mu, bai bari maganar ta kai gaban alƙali ba. A zaman nan ne babban ya faɗi abin da ya fi ƙona mini rai. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mun gaya wa dillali akwai yayanmu a Legas. Ya ce wanda ya shekara talatin bai leƙo ba ai ba zai zo ba, kuma in mai saye ya ji ciniki zai lalace." Aka kira dillalin a waya, aka sa kowa na ji. Ya ce shi haɗa ciniki ya yi, rabon gado ba aikinsa ba ne, la'ada kuma in an ci ba ta dawowa. A nan na ji cewa su ma ya karɓi biyar bisa ɗari a hannunsu. Karɓa ɓangare biyu ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ban ƙi wannan ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ya san gaskiya ya dube ni ido cikin ido ya ce "su ke nan".

Mai unguwa ma ban ga laifinsa sosai ba. Bai daɗe da gadon mahaifinsa ba, ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka tafi da yaron. Ya ce shi ya shaida an yi ciniki a gabansa, kuma hakan aka yi. A nan na gane hatimi shaidar ciniki ce kawai, ba ya wanke gida daga haƙƙin magaji.

Da aka zo kimanta gidan, wa za a kira? Tsohon dillalin nan mai keke. Shi da magina biyu suka kimanta kangon, ban da aikina, a kan naira 3,600,000, don bayan cire tallafin mai komai ya tashi. Rubu'i ya kama 900,000. 'Yan uwansa sun riga sun cinye kuɗin, wannan ya sayi babur, wancan ya ƙara aure, matan sun sa a kiwo. Ni da nake son gidan na biya, daga cikin jarin riɗina, aka rubuta za su mayar mini da 800,000 kaɗan-kaɗan bayan kaka. Da aka watse na tsaya na ba dattijon haƙuri. Bai yi mini gori ba. Ya ce, "Ɗan nan, ni na san an yi auren, abin da ban sani ba ko yaron yana raye. Sati biyun nan na nemo dangin uwarsa ne." Sati biyu. Ni kuwa rikicin ya cinye mini wata huɗu, Inna ta sake yin damuna guda a raɓe, ita da na yi duk gaggawar dominta.

Abokaina a kasuwa da suke shirin sayen gida a garuruwansu suna tambayata yadda ake gane dillalin kirki. Ba na yi musu dogon bayani. Na ce su nemi wanda yake kwana a garin, wanda in ciniki ya ɓaci zai haɗu da su a masallaci da wajen jana'iza, ba wanda lambar waya ce kaɗai adireshinsa ba. Su lura da wanda yake tambayarsu da wanda yake gaggauta su. Duk wanda ya zo da labarin wani Alhaji ya taya, su ce Allah ya ba Alhajin sa'a. Kuma ko dillalin wansu ne uwa ɗaya uba ɗaya, kada su bari ya zama shi ne idonsu da kunnensu. Kuɗinsa yana fitowa ne in ciniki ya faɗa, ba in ka zauna lafiya a gidan ba. A sauka daga mota, a shiga gidan maƙwabta, a gaida tsofaffin mata da ɗan goro, a tambaya: marigayin mata nawa ya aura, har da waɗanda ya saka? Akwai ɗan da ya tafi ci-rani, ko 'yar da aka kai aure nesa? An raba gadon, wa ya raba, ina takardar? In ba a raba ba, kada a ba da ko sisi na kafin alƙalami sai kowane magaji ya zo da bakinsa ko ya aiko wakili da shaida. Kuma in an tambayi magada, su ne za su amsa, dillali ya yi shiru.

Bayan an gama sulhu na sa aka sake rubuta takarda, wannan karon da yatsu biyar da sa hannun dagaci, na kai ta ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma, tunda a dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma suke. Ita ma da na fara da ita tun farko, da wataƙila wani ya yi mini tambayar da ban yi ba.

Inna ta tare bayan an ɗebe gero. Tana son inuwar darbejiyar nan, ita da Gwaggo mai daddawa a nan suke wuni. Daga cikin 800,000 ɗina na karɓi 300,000 da buhun gero biyu, sauran kullum sai kaka mai zuwa. Dillalin kuwa har yau yana ɗora gidaje a WhatsApp. Jiya na ga ya sa wani kango a wani gari kusa da Gujungu, ya rubuta a ƙasa wai babu rigima a kansa. Na nemi lambar wani ɗan garin da muke sayen riɗi tare, na ce in ya san mai shirin saye ya haɗa ni da shi.