Godiya ga 'yan agajin garinmu

Assalamu alaikum. A madadin gidanmu baki ɗaya, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a ambaliyar watan Agustan nan na 2024, wadda ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum.

Mu cikin dare ruwan ya same mu. Ginin ƙasa idan ya jiƙa ba ya jiran kowa, kafin mu farga katangar ɗakin Inna ta zube. Ba motar da za ta iso mana daga Azare. Waɗanda suka fara zuwa yaran garin nan ne, 'yan agaji, da tocila da igiya, suna busa usur.

Ba da ka suka afka ruwan ba. Sai da suka ɗaura igiya daga darbejiyar ƙofar gidanmu zuwa tudun masallaci, mata da tsofaffi suka riƙa bi suna dafa ta. A tudun suka ƙirga mutanen kowane gida, nan aka gane babu ɗan ƙanwata. Da suka ciro shi daga bayan rumbu ba ya numfashi. Dattawa suka ce a kama ƙafafunsa a zazzage ruwan, kamar yadda aka saba. Ɗaya daga cikin 'yan agajin ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, a ba ni wuri." Ya shimfiɗe shi, ya hura masa iska a baki, yana danna ƙirjinsa, har yaron ya yi tari. Suka juya shi ta gefe, suka cire masa jiƙaƙƙun kaya, suka lulluɓe shi, suka kuma dage sai an kai shi asibiti duk da ya farfaɗo.

Rai na Allah ne, amma horon da yaran nan suka samu shi ne sanadi. Su ne fa ake gani suna atisaye a filin firamare, wasu na cewa rashin aikin yi ne. Wannan tela, wancan ɗan acaɓa, ba mai biyansu ko sisi. A daren nan gidajensu ma ruwa na ci.

Muna godiya ga masuntan da suka kawo kwale-kwale, da matan da suka ɗora tukunya a makarantar da muka fake, da mai unguwa da liman, da jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) da Red Cross da suka gargaɗe mu kada mu sha ruwan rijiya sai an tafasa, saboda amai da gudawa.

Masu hali, don Allah a tuna da yaran nan. Ba su da rigunan kariya na shiga ruwa, akwatinsu na taimakon gaggawa ma ya kusa zama wayam. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa kowa abin da ya rasa.