Sufoket ɗin gudu ya cinye min kuloci a hanyar Zariya

Duk mai tsohuwar Honda CG125, ta Japan ɗin nan nake nufi, ya san halinta a babban titi. Cikin garin Kano ba ta da na biyu, amma kana wuce Kura ka miƙe hanyar Zariya ka kai 80 sai injin ya hau kuka, kan mashin na karkarwa har yatsunka su mutu, madubi ma ba ka ganin komai a ciki. Abin da ya kai ni wajen bakanike ke nan, so nake kukan ya ragu kawai, ba tsere zan shiga ba.

Da muka buɗe murfin, sufoket ɗin gaba, wato ƙarfen nan mai haƙora da cen ke hawa, haƙori 14 ne, na baya 38. Sai ya ce "Oga bari mu sa mata na gudu, 16 gaba, 34 baya, wallahi sai ka riƙa wuce Golf." Kuma haka kowa a garejin ya ce, har da yaran, sai na yarda aka sa.

Tafiya dai lafiya lau, injin ya yi shiru, ina ta murna. Ashe iskar hunturu ce ke tura ni, don daga arewa maso gabas take busowa kuma ni kudu na nufa. Dawowa ce ta tona asiri. Ina barin Tashar Yari iska ta tare ni gaba da gaba, na murɗe totur har ƙarshe a giyar ƙarshe, allura ta tsaya wajen 65 ta ƙi motsi, in ɗan hawa ya zo kuma ta fara komawa baya, sai na sauke giya sannan mashin ɗin ta farfaɗo, wato giyar da aka yi duk aikin dominta ta zama ado. Tirela na bina da hon ni kuma ba ni da abin da zan ƙara wa mashin ɗin. Kada ma wani ya ce mita ce ta rikice, wayar mitar CG daga tayar gaba take, ba ruwanta da sufoket.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce shi ya yi min. Raba haƙoran baya da na gaba: 38 a 14 zai ba ka 2.71, shi kuwa 34 a 16 zai ba ka 2.13, kusan kashi 22 cikin ɗari na ƙarfin da ke isa tayar baya ke nan aka yanke a lokaci ɗaya. A injin da ƙarfinsa bai wuce doki 11 ba fa! Sufoket ba ya ƙara wa inji komai, musaya ce kawai, ka ba da ja ka karɓi gudu, gudun ma sai in injin na da ƙarfin da zai keta iska, ita kuma iska in ka ninka gudunka turin da take maka ninkawa yake sau huɗu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kuloci. Giya ɗaya ta koma kamar giya biyu, duk tashi a gosulon Na'ibawa sai na riƙe kuloci rabi ina ba ta wuta, balle in akwai buhu a baya. Ba a jima ba ya fara sulɓewa, ka ba da totur injin ya yi ihu mashin ba ta tafi ba, aka buɗe faifan sun ƙone, baƙin mai ya yi wari. Kuɗin faifai, kuɗin gasket, sabon baƙin mai, kuɗin aiki. Da na koma masa cewa ya yi wai mashin ɗin ce ta tsufa. Ta tsufa, amma da 14 da 38 ai ba ta taɓa cin kuloci ba.

Yanzu 15 ne a gaba, baya na mayar 38, lissafi ya koma 2.53, ragin bai kai kashi 7 ba. Kukan ya lafa, a 80 hannuna ba ya mutuwa, kuma tana jan giyar ƙarshe ko da iska. Haƙori ɗaya a gaba kusan daidai yake da uku a baya, shi ya sa nake cewa wanda zai taɓa nasa ya ƙara ɗaya a gaba kawai ya tsaya, ga arha, cen ɗin ma ba sai an yanke ba. Kuma ya gwada ta zuwa da dawowa, da irin kayan da ya saba ɗauka, kafin ya yanke hukunci. In cen ɗin ya riga ya miƙe a canza shi gaba ɗaya, mai lamba 428 ne, tsohon cen cinye sabon haƙori yake, a bar masa wasa kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi a tsakiya. Wanda kuma aka ce masa 16 da 34 a kan 125, ya tambayi mai maganar ko shi zai biya kuɗin kuloci.