Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Shekarar da Alawayyo Ya Fi Shadda Kasuwa

A makon jiya na tsaya ne a inda na karɓi mukullin shagon nan na bakin titi, na ci bashi na sayi keke na uku, na ɗauki yara biyu. Wannan a ƙarshen 2019 ne. Lissafina guda ɗaya ne a lokacin: in Allah Ya kai mu azumi, ɗinkin Sallah kaɗai zai biya bashin keken har ya taɓa kuɗin haya. Duk tela ya san wannan lissafin. Wata goma sha ɗaya kana lallaɓawa, wata ɗaya ne naka.

A ƙarshen Fabrairun 2020 aka ce an samu wani Bature ɗan Italiya da korona a Legas. A rediyon shago na ji, ko ƙafata ban ɗaga daga kan keke ba. Mu a Kano hankalinmu ba ya can. Ranar 9 ga Maris gwamnatin Ganduje ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi II ta naɗa Aminu Ado Bayero, to wannan ita ce maganar gari. Bencin ƙofar shagona har ya kusa raba abokan shekara ashirin a kanta. In wani ya kawo zancen korona sai a ce ciwon masu hawa jirgi ne. Kuma sunayen da aka fara ji sai suka ƙara mana ƙarfin gwiwa: Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin, da ya dawo daga Jamus, gwamnan Bauchi, gwamnan Kaduna. Wani mai shayi a layinmu cewa yake, yau dai ga cuta mai adalci, ta san gidan da za ta shiga.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yin dariyar ba, shi ne Baba. Masu bin labarin nan tun daga farko sun san shi, shi ne wanda mahaifina ya damƙa ni a hannunsa ina ɗan shekara 12, a soronsa na koyi riƙe almakashi. A lokacin ya haura saba'in, ga ciwon suga, ya bar ɗinkin kuɗi tuntuni. Abu ɗaya ya riƙe: duk wanda ya rasu a unguwarmu, shi ke ɗinka likkafaninsa, da hannu, kuma bai taɓa karɓar kwabo ba. Ranar da na nuna masa hoton Ka'aba a waya, filin ɗawafi fayau babu mutum ko ɗaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗan nan, abin da ya hana ɗawafi ba abin wasa ba ne."

Ranar 29 ga Maris Buhari ya yi jawabi ya rufe Legas da Ogun da Abuja. Kano ma ta ce ta rufe iyakokinta, amma kowa ya san motoci na shigowa cikin dare ta hanyoyin daji, kuɗin mota ne kawai ya ninka. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko a Kano. Kwana kaɗan bayan nan aka ce daga ƙarfe 10 na daren Alhamis, 16 ga wata, kowa ya zauna a gida har kwana bakwai.

Wanda bai shiga kasuwa a kwana biyun nan ba bai ga turmutsutsu ba. Dokar da aka kafa don a raba mutane, ita ta tara Kano gaba ɗaya a Singa da Rimi, ƙirji na gugar baya, kowa na neman abin da zai kai gida. Ni Kwari na nufa in sayo zare da roba, don niyyata in kwashe keke ɗaya in kai gida in ci gaba da aikin mutane. Ina fita Baba ya kira ni ya ce in haɗo masa da bandir ɗin alawayyo, nasa ya kusa ƙarewa. Bandir ɗaya kan yi masa watanni. Na sayo, har ina mita a raina cewa kuɗin cefane ya ragu.

Kullen nan a titi ya tsaya. Babban titi ko akuya ba ka gani sai motar jami'an tsaro, amma kana shiga lungu sai ka rantse ranar Sallah ce. Majalisa ta cika, yara na ƙwallo, suna tafe suna rera "Malam ya ce babu korona". Ba zan ɗora wa yara kaɗai ba, ni ma na faɗa. An hana Juma'a, an kama limaman da suka yi, wannan ya ƙara tunzura mutane. Kuma a yi wa talaka adalci: mutumin da sai ya fita da safe ake ɗora tukunya a gidansa da yamma, in ka ce masa ya zauna, ka kuma ce abin da zai kashe shi ba a ganinsa, to yunwa dai yana ganinta. Tallafin abincin da ake ta faɗa a rediyo, a layinmu a rediyon muka ci shi.

Sai aka fara buga ƙofa bayan Asuba.

Na farko wani dattijo ne mai sayar da goro. Washegari wata tsohuwa a bayan masallaci. Ba wanda ya kawo komai a ransa, ana zafi, kuma zafin Afrilu a Kano dama yakan tafi da tsofaffi. Amma kafin mako ya zagayo sai da aka wayi gari da gawa uku a rana ɗaya, duk a 'yan lungunan da ba su fi a zagaye su cikin minti goma ba. Baba ya aiko a kira ni in taya shi. Muna zaune a soro a kan tabarma, ni ina yanka shi yana ɗinki, ga 'yan'uwan mamaci a tsaye a waje suna jira, ga wasu sun iso a bayansu. Na ga hannunsa na rawa, sau uku yana neman kafar allura bai samu ba. Can ya ajiye ya ce, "Je ka ɗauko kekenka."

Sai da na sake kallonsa. Mutumin nan shekara hamsin yana cewa rigar ƙarshe ba a yi mata gaggawa, ya taɓa korata daga soron nan don na tambaye shi me ya sa ba za a taka a keke a huta ba. Ban ce komai ba, na je na ɗauko. Bandir ɗin da na sayo ko kwana goma bai yi ba. Na biyu ta ƙofar baya na samo shi, a gidan wani ɗan Kwari da ke da kaya a ɗaki, shi ma ya ce mini tun da aka rufe gari ba wanda ya tambaye shi shadda.

Na raka gawa maƙabartar Dandolo sau da yawa a kwanakin nan. A da in kun je ku kaɗai ne, ko ku tarar da wata jama'a tana fita. Wannan karon layi ake bi, makara a bayan makara a ƙarƙashin bishiya, masu haƙa sun yi sharkaf da gumi ga azumi a baki, don ranar 24 ga wata aka ɗauka. Su ne ma suka fara gaya wa 'yan jarida cewa abin ya wuce misali. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A daidai lokacin kuma ɗakin gwajin da ake da shi a Kano ya tsaya da aiki na kwanaki. Ba a gwada mai rai ba, balle wanda aka binne kafin Azahar. Ni dai a ganina bayanin nan ya yi wa kowa daɗi ne shi ya sa ya zauna: gwamnati ba ta so a ce ta gaza, mu kuma ba ma so a ce namu ya mutu da ciwon da za a guji gidansa, a hana mu yi masa wanka da salla. Muna dawowa daga maƙabarta mu zauna zaman makoki kafaɗa da kafaɗa, mu yi musabaha da mutum ɗari.

Uwargidana ce kaɗai ta tsaya kai da fata. Ta ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don girman Allah kar ka taɓa mini yara sai ka wanke hannu, rigar ma ka tuɓe ta a nan." Na yi fushi a ranar. Na dai wanke.

Ranar 27 ga wata da daddare Buhari ya sake jawabi, ya ce za a sassauta wa Legas da Abuja, Kano kuwa ya ƙara mata mako biyu. A ranar ne Baba ya ce da ni turaren da aka kawo na likkafani jabu ne, ruwa aka sayar wa mutane. Na shinshina, har hawa kai yake. Na ce, "Baba, ai da ƙamshinsa." Ya kai hanci ya girgiza kai. Da buɗa-baki ya ce kunun ma ba shi da ɗanɗano. Muka ce mura ce. Sai daga baya na ji likitoci a rediyo suna lissafa wannan a cikin alamomi.

Kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, a na uku numfashi ya fara yi masa wuya. Na roƙi wani maƙwabci mai adaidaita sahu ya fito da mu. Asibitin farko da kwaɗo a ƙofa. Na biyu mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, yana jin na ce numfashi ya ce babu likita. A na uku wata ma'aikaciya ta fito ta tsaya daga nesa, ba ko safar hannu a tare da ita, ta ce mu kira lambar da ake sanarwa. Na daɗe ina jin haushin matar nan, yanzu na daina, don a makonnin nan ma'aikatan lafiya da yawa sun kamu a Kano. Lambar na kira ta har cajina ya ƙare. Baba ya kama hannuna ya ce, "Mai da ni gida, ɗan nan, kar in cika a titi." Kafin Asuba ya cika, a ɗakinsa, bakwai ga azumi.

Nasa da hannu na ɗinka. Akwai mutane biyu a waje suna jira, na ce su yi haƙuri.

A 'yan kwanakin nan Kano ta rasa manya da yawa, Farfesa Ibrahim Ayagi, Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila, da wasu malaman jami'a, sai da sunaye irin waɗannan suka fara fita sannan bencin unguwarmu ya yi shiru. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce bincike ya ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama da hannun korona a ciki. Ina guga na ji. Baba dai ba wanda ya gwada shi, har yau iyalinsa ciwon suga suke cewa, ni kuma ba na musu da su.

Da aka fara sassautawa ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 zuwa 4, aka ce sai da takunkumi za a fita. Buhun ƙyallayen da na yi shekaru ina tarawa, uwargida na cewa in zubar, shi na zazzage. Ni da yaran shago muka riƙa ɗinkawa muna sa roba, su fita da su bakin kasuwar 'Yankaba, naira hamsin hamsin. Yawancin masu saye a haɓa suke rataye shi, sai sun hango jami'i su ja sama. Da wannan muka ƙarasa azumi. Shaddojin mutane kuwa suna nan jibge a kan tebur da awo a jikinsu, uku daga ciki masu su sun riga mu gidan gaskiya.

A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan ba ku labarin Sallar da aka yi ba hawa, da ranar da mai shago ya zo karɓar haya.