Amsa ga masu tambaya a kan ɗan gidan nan da kuka gani a sitatus ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Da fatan kowa yana lafiya, mu ma nan Bradford ta Ingila lafiya lau alhamdulillahi, sai sanyi. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, in na ce sai na bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba za mu kai ga maganar ba.

Tun ranar da na sa hoton nan a WhatsApp, na ɗan ƙaramin gida a cikin fasasshiyar tukunya, wayata ba ta huta ba. Yaya ya kira, ƙawayena na makaranta sun turo saƙon murya ya fi goma, Goggo kuwa har cewa ta yi a haɗa ta da ni da daddare, ta ce ke 'yar nan, an ce kin gina wa aljanu ɗaki a bayan gida, me ya kai ki? Na ji damuwa a muryarta sosai, kuma na san ƙauna ce ta sa. To na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Zan kuma taɓo maganar makarantar yara da tsadar abinci da wasunku suka tambaya, in Allah ya yarda.

Goggo, ki kwantar da hankalinki, ba bori ba ne, ba tsafi ba ne, ba a yanka komai, ba a ajiye wa kowa abinci. Abin da Turawa ke kira feyari wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne na cikin tatsuniyoyinsu, masu fukafukai kamar na mazari, kusan yadda muke da Gizo da Ƙoƙi da Dodo a namu. Iyaye da yara sai su sami wani lungu a bayan gida, ko tukunyar fure, su shirya ɗan ƙauye a ciki, gida kamar gwangwanin madara, hanya ta tsakuwa, shinge na tsinke, 'yar gada, a shuka ƙananan tsirrai su zama kamar bishiyoyi. Shi ke nan fa. Kuskurena shi ne da na rubuta "gidan aljanu" a ƙasan hoton, don ban sami wata kalmar ba, alhali mu in aka ce aljani magana ce babba, ana nufin wanda aka hana mu zama gindin tsamiya da tsakar rana saboda shi.

Su ma ɗin can da sun ɗauki abin da gaske. Nan kusa da mu akwai wani ƙauye, Cottingley, bas ɗaya ake shiga. A 1917 wasu yara mata biyu 'yan uwan juna, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai shekara 9, suka ɗauki hotuna a bakin rafin bayan gidansu, ga su ga feyari suna rawa a gabansu. Manyan mutane suka yarda, har da Arthur Conan Doyle, marubucin da ya ƙirƙiro labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes, shi ya fitar da hotunan a mujalla a 1920. Sai a 1983, sun tsufa, suka faɗi gaskiya cewa zane ne suka yanka a takarda suka kafe da allurar hula, amma duk da haka Frances har ta mutu tana cewa hoto na biyar na gaske ne. Kyamarorin suna hannun gidan tarihin kimiyya da hotuna na nan garin. A ƙasar Ayalan kuma a 1999, a yankin Clare, ana shirin babban titi wani mai ba da tatsuniya, Eddie Lenihan, ya tashi tsaye a kan wata bishiya mai ƙaya da ya ce matattarar feyari ce, ƙarshe dai ba a sare ta ba, titin ya bi ta gefenta. Da na ji wannan sai na tuna kukar bayan garinmu da babu mai sa mata gatari. Amma maƙwabtana na yanzu babu wanda ya yarda da wani feyari, wasan yara ne da ado.

Yadda aka yi na shiga ciki, autata ce. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Baturiya, mijinta ya rasu, ta haura saba'in, kullum tana durƙushe a lambunta da safar hannu. Auta ta leƙa ta katanga ta ga wata 'yar ƙofa ja a gindin bishiya, tsawonta bai kai tafin hannuna ba, da ɗan tsani da 'yar fitila mai sola, daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba, Umma a yi mana irin shi, Umma a yi mana. Na je shagon kayan lambu na ga kuɗin gidajen roba da 'yan tsanar da ake sayarwa, na ajiye musu kayansu. Na ce mata zo nan, ni da kike gani na yi tuwon ƙasa, na yi 'yar tsana ta kara, yayyena sun yi motar langa-langa, abin da za mu gina sai ya fi na shago.

Tsohuwar ce ta ba mu tukunyar, ta yumɓu ce, gefe ɗaya ya ɓalle, kuma irin ta ake so. Ana fara zuba tsakuwa a ƙasa, a tabbatar hujin gindin bai toshe ba don ruwa ya riƙa fita, sai a zuba ƙasar shuka da aka gauraya da yashi. Tsingaron da ya ɓalle ba a yar da shi, shi ake kafawa a cikin ƙasar hawa-hawa, babba a baya ƙanana a gaba, sai ya ba da matakala kamar ana hawa dutse. Muka shuka wasu tsirrai masu kaurin ganye da ba sa son ruwa da yawa, da wani ɗan ganyen ƙamshi mai rarrafe irin tayim ɗin da muke sa wa a miya, muka kankaro gansakuka daga jikin katangarmu muka shimfiɗa ta zama ciyawa. Gansakuka kam a garin nan ko'ina ne, rufin gida, dutse, bakin taga, saboda damshi.

Da aka zo kan gidan sai hannuna ya ƙi yin irin nasu mai kan naman kaza. Na kwaɓa laka na yaɓe gwangwanin tumatir, na fitar da ƙofa da tsinken tsire, na yi masa jinka da busasshiyar ciyawa na ɗaure da zaren buhu, kafin in ankara rumbu ne a gabana, irin na gidan kakanmu. Na ƙara zaure da zankwaye biyu a sama, na ja zane a jikin bangon da bakin cokali mai yatsu kamar yadda magina ke yi da yatsa kafin yaɓe ya bushe. Marfin kwalba ya zama kwano, ɓawon gyaɗa ya zama ƙwarya, duwatsu uku murhu. Auta da aka haifa a nan, ba ta taɓa ganin rumbu ba, ta ce Umma mene ne wannan, me ya sa ba shi da taga? Na zauna a kan bokiti na yi mata bayanin dawa da gero da damin hatsi da yadda ake cire jinka a zura yaro ya ɗebo, da Hausa, ita kuma tana maimaita kalmomin, wallahi ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Shekara nawa ina fama ta amsa min da Hausa tana mayar min da Turanci, ranar ita da kanta take cewa rumbu, zaure, murhu. Mutum-mutumin ne dai ban sa ba, raina bai kwanta da su ba, duk da na san ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana har da doki mai fukafukai. Wannan kowa ya tambayi malaminsa.

To sai sanyi. Jama'a ku bar ganin hoton dusar ƙanƙara kuna cewa ina ma ku ne. Hunturun gida da muke kuka da shi, a hura wuta da asuba, ƙarfe goma rana ta fito an cire rigar sanyi, wannan ai rahama ne. Nan a watan Disamba gari ba ya wayewa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a cikin 'yan awanni, kuma ba ƙanƙarar ce ta fi damuna ba, ruwan nan ne mai yayyafi da iska da ba ya tsayawa, kwana da kwanaki, sanyin ya bi ta safa ya shiga ƙashi. In ka kunna hita kuɗin wuta da gas su hana ka barci, in ka kashe bango ya fara baƙi saboda damshi, wanki ya yi kwana uku a ɗaki bai bushe ba. Rumbuna tun ruwan Oktoba ya fara zubewa, na ɗauka zai jure kamar ginin gida, na manta namu rana ce ke gasa shi wata da watanni kafin damina. Wata safiya kuma bayan an kwana ana zuba sanyi na fita da shayi a hannu na tarar tukunyar kanta ta tsage tun daga baki har gindi, ƙasar ciki ta daskare ta yi tauri kamar dutse, na sa yatsa ya ƙi shiga, zauren ya kife, jinkar tana can jikin shinge. Tsohuwar ta yi min bayani, yumɓu yana shan ruwa, ruwa kuma in ya daskare kumbura yake, yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, shi ke fasa tukunya daga ciki. Ta ce ɗora ta ake a kan bulo don kar ta zauna cikin ruwa, a naɗe ta da buhu, gidajen kuma a kwashe a shigar ɗaki sai Afrilu. Auta ta yi kuka ranar har ta ƙi cin abinci. Muka sake wani, wannan karon na sa siminti kaɗan a lakar na shafe da man katako, yana nan a kan tagar kicin yana jiran bazara. Ga kuma dodon koɗi, har da wani iri marar ƙoƙo, da daddare suke fitowa su cinye ganye tas, maganin da aka fi sani da kashe su an hana shi tun 2022 saboda tsuntsaye da bushiya, sai dai ka fita da tocila ka tsince su da hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuma ƙa'ida. Gidan haya muke, a takardar yarjejeniya an rubuta ba a canza komai a lambu sai da izini a rubuce, don haka 'yar ƙofar da auta ke so a gindin bishiya sai da na tura wa ejan imel, na jira sati uku, amsar ta zo cewa a jingina ta amma kar a buga ƙusa. Da farko na ji haushi, daga baya na ji labarin wani daji a Somerset, Wayford, inda a 2015 masu kula da shi suka fara cire irin ƙofofin nan don sun kusa 200 kuma ana ɗaure su da ƙusa a jikin itatuwa, sai na gane dalilin. Mun je bakin teku auta ta cika aljihu da duwatsu masu santsi, aka ce mana akwai dokar 1949 da ta ba hukuma ikon hana ɗiba, tara tana iya kaiwa fam 1,000, muka zubar. Tumɓuke tsiro a daji ba da izinin mai wurin ba shi ma laifi ne a dokar 1981. Ƙarshe tsakuwa da kuɗi na saya, a leda, ƙasa ma haka. Ni da na tashi inda yashi ke shigowa ɗaki ana sharewa.

Shi ya sa in na kira gida na ga yara a jere kowa da waya, ga tsakar gida fal ƙasa, ga kara, ga sakaina, ga tsingaron tulu a bayan ɗaki, sai in ji wani iri. Duk abin da nake saya da fam kuna da shi kyauta, har da ranar da za ta busar da ginin. In yaro ya kwaɓa laka a bar shi mana, kaya ai ana wankewa. Mai son gwadawa ya sami fasasshen kasko ko tsohuwar randa, ya sa a inuwa, fasa ƙabba da na'a-na'a da ɗoɗɗoya za su yi, ruwan alwala ma ya ishe su. A dai kula kar a yi 'yar rijiya ko tafki da ruwa zai kwanta saboda sauro, a riƙa ɗaga duwatsun da sanda saboda kunama, a kuma kare shi daga kaji da awaki, don na san rana ɗaya za su gama da shi.

Maganar makaranta, suna zuwa lafiya, ta gwamnati kyauta ce, Islamiyya kuma Asabar da Lahadi. Abinci ya yi tsada, doya ɗaya sai ka yi tunani kafin ka ɗauka, sauran sai wani jiƙon.

Yaya, in mai zuwan nan da ka faɗa ya tashi tahowa, a ba shi 'yan ƙananan ƙore da ludayi irin na wasan yara, da ɗan faifai ƙarami in an samu. Kar a sako ƙasa ko iri ko wani tsiro, za a ƙwace a filin jirgi kuma a ja masa matsala. Goggo kuma don Allah ki sa a ɗaukar min bidiyon yadda ake ɗaurin jinka tun daga tanka har kan tulluwa, nawa iska take ɗagawa duk yadda na ɗaure, kuma auta ta ce a bana sai an ƙara mata turken akuya da rijiya mai guga.

Taku a kullum, daga Bradford.