Zana manhaja domin mutumin da yake haki

Sana'ata tsara yadda manhajar waya za ta zo a hannun mai amfani da ita: me zai fara gani, ina zai danna, me zai biyo baya. Ƙaramin kamfani ne gare ni a Kaduna. Masu rubuta manhaja daban suke, mu namu shi ne mu zana musu komai shafi-shafi a manhajar zane ta Figma kafin su sa hannu. Mun yi wa masu kanti da makarantu aiki, amma wanda ya fi cin mana lokaci shi ne na wani mai gidan motsa jiki, da yake son masu horarwarsa su riƙa bin mutane ta waya.

Abin da ya raba wannan aiki da saura shi ne halin da mai wayar yake ciki. Mai duba asusun banki a zaune yake, hankalinsa kwance. Namu kuwa wayarsa tana ƙasa, taku biyu daga inda yake, yana haki, tafin hannunsa sharkaf da gumi, ga shi gilashin waya ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa yadda ya kamata. Google ta ce kada wurin dannawa ya gaza ma'auni 48, Apple ta ce 44. Wannan na mai nutsuwa ne. A shafin atisaye maɓalli ɗaya muka bari, ya cinye faɗin wayar, sai lambar daƙiƙun hutu da ake iya karantawa daga tsaye. Sauran bayani murya ce take faɗa, ko wayar ta yi girgiza. Gwajin ma ba a ofis muke yinsa ba. Dandalin Murtala muke zuwa da safe mu miƙa wa masu sassarfa, domin rubutu ruwan toka da ya yi kyau a kwamfuta ɓacewa yake da zarar rana ta hau.

Da mai aikin mun sha ja-in-ja. So yake a cusa kanti, da zauren hira, da labarai, sannan a tare baƙo da doguwar takardar rajista tun daga ƙofa. Na ce masa, Alhaji, wanda bai ɗanɗana ba ba zai tsaya cike takarda ba. Tambaya uku muka bari: me kake nema, kwana nawa za ka iya a mako, kana da kayan ɗaga ƙarfe ko babu. Mutum ya yi atisayen farko tukuna, sannan a nemi lambarsa.

Sai maganar waya. Yawancin mutanenmu Tecno da Infinix da itel suke riƙewa, kuma tsarin tattalin caji na irin waɗannan wayoyi yakan kashe manhaja idan allo ya mutu. Mutum ya gama zagaye, ya duba ya ga an lissafa masa rabi, ba zai zargi wayarsa ba, cewa zai yi manhajar maƙaryaciya ce. Dole muka zana shafi guda da yake kama hannunsa zuwa inda zai ba manhajar izinin ci gaba da aiki ko allo ya mutu. Ga kuma data, wadda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗinta da na kira har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Shi ya sa bidiyoyinmu gajeru ne, a sauke sau ɗaya, su ci gaba da aiki ko babu intanet.

Inda na kafe shi ne kan ƙirgen kwanaki a jere, wanda manhajoji da yawa suke ji da shi: ka fasa rana guda, a mayar da kai sifili. Ban yarda da shi ba. Zazzaɓi yana zuwa, biki yana zuwa, rasuwa tana zuwa, kuma wanda aka rushe masa ginin wata biyu saboda kwana ɗaya da wuya ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da mako take aunawa: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki ga baligi, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Muka bi wannan. Taku 10,000 a rana da ake ta yayatawa kuwa asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965, don haka muka bar wa koci ya yanka wa kowa daidai ƙarfinsa. Akwai kuma maɓallin azumi, mai rage nauyin atisaye ya mayar da shi bayan Tarawihi. Tunatarwa ba ta shigowa lokacin sallah.

Abinci ma da ludayi da malmala muke tambaya, tunda ba mai ɗora tuwo a sikeli.

Mata su ne suka fi yi mana tambaya a kan sirri: wa zai ga hotona, wa zai san hanyar da nake bi? Tambayar tana kan hanya. A 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta hanyoyin masu gudu ta tona wuraren sansanonin sojin Amurka a ƙasashen waje, balle ƙofar gidan matar aure. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. A wurinmu taswira da hoto a rufe suke zuwa sai mai su ya buɗe, kuma mace tana iya zaɓar koci mace tun a shafin farko.

Ta fannin kuɗi, rabi muke karɓa kafin aiki, rabi bayan an miƙa, kuma har yanzu akwai masu cewa ai zane ne kawai. Biyan wata-wata a cikin manhajar ma ta tiransifa muka tsara shi, domin mutanenmu ba sa son katin da zai riƙa cirar kuɗi da kansa. Yanzu ɓangaren masu horarwa muke kai. Sun saba tura saƙon murya a WhatsApp, ba su da haƙurin rubutu, don haka muna gwada yadda koci zai ga wanda ya yi mako bai motsa ba a saman jerinsa, ya danna sau ɗaya ya aika masa murya.