Abin da Nake Dubawa Kafin In Ce a Buga

Ƙaramin kamfanin ɗab'i nake riƙe da shi a Kano. Ni ne, da mai shigar da rubutu a kwamfuta, da mai zana bango, sai wani malamin Hausa da ke zuwa duba mana ƙa'idojin rubutu idan aiki ya taru. Injin bugawa ba namu ba ne, kai aiki muke yi mu biya. Namu shi ne daga ranar da marubuci ya ajiye labarinsa har ya zama littafin da za a ɗaure a kai wa 'yan sari a Sabon Gari.

Matasa kan tambaye ni yadda za su sami wakili, don sun ji cewa a Landan da New York marubuci ba ya tunkarar manyan kamfanoni da kansa. A can haka abin yake. Wakilin nan dillali ne: ya karɓi littafi, ya nema masa kamfani, ya yi ciniki, ya cire la'adarsa, yawanci kashi 15 cikin 100, kuma ba ya ganin ko sisi sai an saya. Duk wanda ya ce sai ka biya shi kafin ya karanta, ka kama gabanka. To amma mai rubutu da Hausa ba shi da wannan dillali. Tun shekarun 1980, da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, marubuci shi ke talla, shi ke ciniki, shi ke bin bashi. Dole ya iya aikin da kansa.

Farkon aikin shi ne saƙon da zai turo. Layi kaɗan sun isa: labarin wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya, kalmomi nawa ne, kuma an kammala ko da saura. A haɗa da babi uku na farko da taƙaitaccen labarin har ƙarshensa. Masu ɓoye mini ƙarshe wai don in ƙagu ba su san ba mai karatu ba ne ni a nan. Ni ne mai sa kuɗin takarda.

Idan na buɗe babin farko, ba jigo nake fara nema ba, don kishi da auren dole da gado kowa ya rubuta. Kunne nake sawa. Shin kakar nan tana magana kamar kaka, ko kuwa ita da jikarta ɗaliba bakinsu ɗaya? Na sha ganin shafi biyar an ƙare su a lissafin kujerun falo da gwala-gwalan Hajiya, ba a ce komai game da abin da ke cin ranta ba. Wannan ya yi yawa a rubutun WhatsApp, inda ake jan labari kullum shafi ɗaya don kada masu biya su watse. A waya yana tafiya, amma a takarda kowane shafi kuɗi ne. Shi ya sa nake ce wa marubuciya: "Malama, ki karanta shi da ƙarfi a ɗakinki. Duk inda kika ji kina son tsallakewa, mai karatu ya riga ki." Gajeren labari ma makaranta ce. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta soma a 2016 ta sa mata da yawa sun koyi faɗin magana mai nauyi a 'yan kalmomi, kuma nakan gane hannunsu.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne yarjejeniya. Marubuta da dama sun sayar da littafi ɗungurungum da baki, aka ba su kafin alƙalami sau ɗaya, aka yi ta sake bugu ba su sani ba. Yanzu kuma ga masu karanta littafi a YouTube, ga masu fim, ga manhajojin sayar da littafi. Kowanne haƙƙi ne daban. A takardarmu muna rubuta kwafi nawa za a buga, kason marubuci, lokacin biya, shekara nawa muke da izini, da cewa sauti da fim da fassara suna hannun mai littafi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samo ta, mu muke nema. Nakan ba marubuci takardar ya tafi da ita gida, ya nuna wa wani na gaba da shi a ƙungiyar marubuta ta ANA ko wani lauya, sannan ya dawo.

Batun kuɗi kuwa ba na ɓoyewa. 'Yan sari sai sun sayar suke biya, takarda kuma tsada take ƙarawa, don haka bugun farko da wuya ya wuce mayar da uwar kuɗi. Riba tana zuwa ne idan mai karatu ya dawo shago yana tambayar sunan marubuci, ba sunan littafi ba. Don haka ranar sa hannu nakan tambayi ko an fara na biyu, kuma ina so in ga babinsa na farko kafin wannan ya fito daga inji.