Minti Biyu Daga Zauren Kawu: Inda Aikin Bidiyona Ya Tsaya

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon ɗaukar bidiyo da waya, musamman waɗanda muka sami gurbin karatu tare a bana a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, muke kuma shirin shiga gasar nan ta sababbin ɗalibai. Na yi alkawarin zan riƙa sanar da ku inda aikina ya kwana. To, ɗauka ta kusa ƙarewa, tacewa kuma, wato yanke hotunan da haɗa su, ta yi rabi.

Sharuɗɗan dai kun san su: kada bidiyon ya wuce minti biyu, a ɗauke shi da waya a kwance saboda a majigi za a haska, ya kuma nuna inda ɗalibi ya fito da abin da ya kawo shi jami'a. Ranar da muka zauna da wasunku a Samaru muna duba abin da kowa ya fara ɗauka, sai na lura kusan duk hanya ɗaya aka bi. Babbar ƙofar shiga Jami'ar Ahmadu Bello, dogon benen nan na Sanet, gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, sai ɗalibi da jaka a kafaɗa yana takawa a hankali, kiɗa na tashi. Hotunan sun yi kyau, ban musa ba. Amma alƙalan gasar ta nan suke bi kullum su tafi ofis. Jami'ar nan tun 1962 take tsaye, ba mu baƙin jiya ne za mu nuna musu ita ba. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne gidan da kowannenmu ya fito, da muryar wanda ya ɗauki nauyinsa har ya kawo nan.

Shi ya sa na koma cikin birni, zauren kawuna. Maɗinkin hannu ne, aikin babbar riga yake yi tun kafin a haife ni, kuma mafi yawan kuɗin makarantata daga allurarsa suka fito. Ni kuwa sashen zane-zanen masana'antu aka ba ni, kuma ɓangaren yadi nake hari. Kun ga labarin ya haɗa kansa ke nan, ba sai na ƙirƙiro komai ba. Wani abu da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa: a nan Zariya ne, a 1958, wasu ɗaliban zane na tsohuwar kwalejin da daga baya ta zama jami'armu, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa a haɗa abin da ake koya a aji da fasahar da mutum ya taso ya tarar a gidansu. Ashe tun kafin a buɗe jami'ar ake wannan magana a garin nan.

Samun yardar Kawu ya ɗauki lokaci, kuma ina ganin haka ya dace. Da na je masa da maganar bayan la'asar, sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, me za a kalla a wurin tsoho da allura?" Na ce, "Kawu, aska takwas ɗin nan da kake yi, akwai waɗanda suke saka ta ranar Sallah amma ba su taɓa ganin hannun da ya yi ta ba." Ya yi shiru, sannan ya kafa sharuɗɗa biyu: kada kyamara ta leƙa cikin gida, kuma a nuna masa kafin kowa ya gani. Na amsa da to. Don Allah duk wanda zai ɗauki iyaye ko maƙwabta ko 'yan kasuwa, ya faɗa musu ƙarara inda bidiyon zai je, har da cewa yana iya yawo a intanet. Kunya takan sa babba ya ce to alhali ransa bai so ba, saboda haka a ba shi damar ya kwana da maganar.

Yanzu ga abin da ya fi cin lokacina, wato sauti. Mai kallo yana iya jure hoto mai ɗan duhu ko mai ɗan rawa, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, hankalinsa ya tafi. Makirfon waya kuwa ba ya zaɓe. Idan wayar tana nesa da mai magana kamar taku uku, da muryarsa da ƙarar babur da injin markaɗen maƙwabta duk ɗaya ya ɗauke su. Maganin shi ne kusanci. Idan aka rage tazarar da ke tsakanin baki da makirfo da rabi, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yakan ninka kusan sau huɗu, hayaniyar titi kuma tana nan yadda take. Ni ba ni da makirfon maƙalawa, sai na ari wayar Yayata, na jona mata iyafis mai igiya, na maƙala ɗan kan makirfon da fil a wuyan rigar Kawu, wayar kuma na zura masa a aljihu tana naɗar sauti ita kaɗai. Tawa wayar ta ji da hoto. Kafin ya fara magana sai in yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara. A wurin tacewa, tafin yana fitowa kamar tsini a layin sautin wayoyin biyu, sai in jera tsinin nan biyu, baki da murya su daidaita. A sa wayoyin duka a yanayin jirgin sama, kada kira ya shigo ya katse magana mai daɗi. A kuma kula kada makirfon ya riƙa gogar yadi, don shadda mai sitaci tana da ƙara fiye da yadda kunne ke zato.

Lokaci ma rabin aikin ne. A unguwarmu, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe takwas ne ake samun sarari, kafin 'yan acaɓa su cika hanya, masu janareta su tayar. A wannan lokacin abin da ke tashi daga nesa karatun allo ne, shi kuwa ban ɗauke shi hayaniya ba, na bar shi a ƙarƙashin maganar don shi ne sautin safiyar birni. Bayan mun gama hira na roƙi kowa ya yi shiru, na naɗi zauren haka nan na rabin minti. Wannan shirun da aka naɗa shi ake shimfiɗawa a duk inda aka yanke magana, don kada sautin ya riƙa mutuwa ɗif yana dawowa. Sannan na kai makirfon dab da hannunsa na ɗauki ƙarar zare yana ratsa shadda. Da wannan ƙarar bidiyon zai buɗe, kafin a ga fuskar kowa, kuma saboda ita na yanke shawarar ba zan sa kiɗa ba sam. Dama waƙar wani tana da haɗari, domin Facebook da YouTube suna da na'urar gane waƙa mai haƙƙin mallaka, suna iya kashe sautin bidiyon gaba ɗaya.

Haske a zaure wani darasi ne. Ciki duhu, ƙofa kuma haske fal. Idan ƙofar ta shigo bayan mutum, waya takan bi hasken ta bar fuskar baƙi ƙirin. Sai na roƙi Kawu ya juya tabarmarsa yadda hasken ƙofa zai sauka a gefen fuskarsa, ni kuma na ba ƙofar kafaɗa. Ƙanena ya riƙe wani farin yadi a ɗaya gefen yana mayar da haske kan inuwar. Idan ka danna fuskar mutum a allon waya ka riƙe, yawancin wayoyi sukan kulle haske da saiti a wurin, su daina sauyawa duk lokacin da wani ya gifta. Ƙwan lantarkin zauren kashe shi na yi. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, waya kuma ta saba ɗaukar hoto 30 a sakan, wannan saɓanin ne ke jawo layukan nan masu yawo a bidiyo a ƙarƙashin wasu fitilu. Wanda dole sai ya yi aiki da fitila, ya gwada manhajar Open Camera, kyauta ce, a wasu wayoyin tana bari a koma hoto 25 a sakan, wanda ya dace da juyawar wutarmu.

Wajen ɗaukar hannu da zare, kada a jawo hoto da yatsa, yana fashewa. A matsa da wayar kusa, a jingina gwiwar hannu a ƙasa ko a kan matashi. Da haka na samu zagayen tambarin rigar ya fito zare-zare. Kuma tunda hunturu ya shigo, a riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka. Hazon nan yana mayar da sama fara fat, shi ya sa na rage sararin sama a hotunan waje, amma yana tausasa inuwa, fuska takan yi kyau a cikinsa ko da rana ta ɗaga.

Na so in saka tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ganuwa, da dutsen Kufena. Na haƙura. Minti biyu ba za su ɗauki tarihin Zazzau ba, kuma ba shi aka tambaye ni ba. Ƙofar Doka kawai na bari, don ta nan nake fita.

Tacewa a manhajar CapCut nake yi. Hirar Kawu doguwa ce, abin da zai shiga kuwa bai kai minti ɗaya ba, kuma a nan ne amana take. Abu ne mai sauƙi a ɗauko farkon wata jimla a liƙa mata ƙarshen wata, a sa dattijo ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce in ɗauki magana cikakkiya ko in bar ta. Inda na yanke, sai in rufe wurin da hoton hannunsa, kada fuskar ta yi tsalle. Na kai masa abin da na haɗa ya kalla, ya ce in cire wurin da ya ambaci kuɗin da ake biyan aikin riga, kada abokan sana'a su ji ba daɗi. Na cire.

Fassarar da ke ƙasan allo da Turanci nake yin ta, tunda jami'ar ta tara mutane daga kowace kusurwa ta Najeriya, ba kowa ke jin Hausa ba. Layi biyu gajeru sun isa, a bar su har mai karatu a hankali ya gama. Taken bidiyon kuwa da Hausa yake. Gboard, wato allon rubutun waya na Google, yana da haruffanmu masu lanƙwasa, amma ba kowane salon rubutu na manhajar tacewa ne ya san su ba, wani sai ya fito da ɗan akwati a madadin ɗ ko ƙ. Kafin ku zaɓi salo ku rubuta "ɗinki" da "ƙofa" da "ɓera" ku gani. Salon Noto na Google yana da su duka.

A wayata minti ɗaya na bidiyo mai ingancin 1080 yana cin sama da megabait 100, saboda haka kowane dare nake kwashe na ranar zuwa katin ajiya. Idan za ku tura wa juna ta WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya dusashe.

Abu biyu suka rage. Na farko hanyar: daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, PZ, Kwangila, har Samaru, ta tagar mota, sakan goma kacal. Hoto kawai zan ɗauka a nan, domin iska tana ɓata sauti, ga kuma ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda ke nan tun 1964, suna shawagi a wajen Palladan. Na biyu muryata, jimla huɗu ko biyar a kan dalilin da ya sa na zaɓi karatun yadi. A ɗaki zan naɗa da dare, tsakanin labule da katifa, don kada bango ya riƙa amsawa.

Ranar Asabar bayan azahar zan shigo Samaru da abin da na haɗa. Ina neman wanda Turancinsa ya fi nawa ƙwari ya duba mini fassarar, musamman inda Kawu yake bayanin yadda mai zane ke fara zana riga kafin allura ta hau. Wanda kuma bai taɓa gwada dabarar waya biyu da tafi ba, ya zo da iyafis ɗinsa mu gwada tare a kan nasa aikin.